Abin da Ke Cin Malam Labaran

Malam Labaran mutum ne da in ya ga magana za ta kai shi inda ba ya so, sai ya juya ta Turanci. Halinsa ne tun yana aikin gwamnati, kuma ritaya ba ta raba shi da shi ba. Matarsa Uwani ta daɗe da gano wannan dabara. In ta ji ya ce wa mai gyaran famfo "We shall see," ta san famfon nan sai dai ya ci gaba da ɗiga. Ita karatunta na boko a firamare ya tsaya, amma zaman shekara da shekaru da mai Turanci ya sa ta tsinci abin da ta tsinta, kuma ba ta yarda kowa ya raina mata shi, ko da 'ya'yan da ta haifa ne.

Bayan Babbar Salla ne ta lura mutumin nata yana canjawa. Da farko tuwo ya fara ragewa, shi da ko miyar kuka ce sai ya suɗe kwano. Sannan ya daina musu da rediyo. Da can in ana labarai har nuna ta yake da yatsa yana gyara wa mai karantawa magana, amma yanzu sai ta ƙaraci surutunta yana zaune ya ƙura wa bango ido. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne masallaci. A layinsu na Badarawa shi ke jan salla duk ranar da liman ba ya nan, kuma kowa ya san yana son abinsa. Yanzu kuwa in liman ya yi tafiya, sai Malam ya zauna gaban buta yana wanke hannu kamar wanda ya taɓa manja, ba zai miƙe ba sai ya ji an ta da iƙama wani ya shige gaba.

"Malam, lafiya kuwa?" in ji ta wata rana da ta zo ɗauke kwano.

"Lafiya lau."

"Ko jikin ne?"

"Nothing serious," ya ce, ya ɗauki hularsa.

Da jin Turancin nan tsoro ya kama ta, haushi ma ya kama ta. Wani abu na janye mata miji a gaban idonta, shi kuma ya rufe ƙofa ya bar ta a waje, bayan duk abin da suka gani tare. Ta yi tunanin ciwo, ta yi tunanin rigimar dangi, har tunanin da bai kamata ba ta yi, ta yi a'uziyya ta kore shi. Ba ta samo bakin zaren ba.

Wata rana da hantsi tana tsakar gida tana kife 'yan tsakinta da kwando, don wata shirwa ta sa wa gidan ido, kullum sai ta zo ta yi shawagi a sama, ta riga ta ɗauke mata guda biyu. Malam yana falo yana waya da Alhaji Mamman, tsohon abokin aikinsa da ke zaune a Kinkinau. Uwani ba mai laɓe ba ce, ita ma haka take faɗa. Taga ce dai a buɗe, kwandon kuma ya ƙi zama daidai a ƙarƙashinta. Ta ji ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Mamman, tun ranar nan ban sake samun kaina ba. It has been praying on my mind. Day and night."

Haka kunnenta ya ji, haka kuma ta ɗauka. Ta tsaya riƙe da kwando ta warware maganar kalma-kalma. Pray dai ta san shi tun tana aji uku, salla ce ko addu'a. Mind kuma zuciya. Day and night ko ɗan yaye ya sani. Wato Malam addu'a yake yi a zuci, dare da rana.

Sai komai ya zauna mata daram. Ashe wuridi mutumin ya shiga. Ai masu irin wannan ibada haka suke, su rage ci, su rage magana, su guji shiga gaban jama'a don tsoron riya. Ita ce da baƙin tunani ta zauna tana ƙirƙiro masa ciwo. Ta ji wani sanyi ya ratsa ta, har kunyar kanta ta ji. Ta saki kwandon ta ce alhamdu lillahi a fili, 'yan tsaki suka watse ta sake bin su.

Daga ranar Uwani ta zama mai gadin shirun mijinta. In jikoki sun zo ta kora su bayan gida. Ta rage muryar rediyo, daga baya ma ta ɗauke ta gaba ɗaya ta kai ɗakinta. Ta daina yi masa ƙorafin abinci, ta ma rage masa malmala, don kada ta zama ita ce mai shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa. Duk lokacin da ta gifta ta gan shi ya yi tagumi, sai ta rage tafiya ta ce a hankali, "Allah ya karɓa, Malam." Shi kuma ya ɗago ya dube ta wani iri, ya ce amin, don ba a ƙin amsa addu'a. Har maƙwabciyarta Harira ta ɗan tsegunta wa ta kan katanga, cewa Malam ya yi nisa, sai dai a taya shi da addu'a. Harira ta ce ai ita dama ta ga haske a fuskarsa. Ba haske ba ne, rama ce, amma ba wanda ya tambayi fuskar.

Haka aka yi ta tafiya har makonni suka shige, Malam yana ƙara zabgewa, Uwani tana ƙara alfahari.

Wata Asabar autarsu Sumayya ta zo taya ta aiki. Uwani tana yin dublan na biki, an kuma kawo mata aikin wani aure mai yawa. Sumayya malamar Turanci ce a wata makaranta a Malali, can ma take aure. Ta shiga ta gaida mahaifinta, ta jima kaɗan, ta fito fuskarta ba yadda ta shiga ba. Ta zauna kan kujera 'yar tsugunno, ta jawo tiren da aka barbaɗa wa fulawa, amma ba ta taɓa kwaɓin ba.

"Umma, me ya sami Baba? Ya faɗa sosai. Kuma sau biyu yana tambayata ya yara."

"Ba abin da ya same shi sai alheri," in ji Uwani tana murza kwaɓi da kwalba. "Ibada ce. Ke dai ki yi masa fatan dacewa."

"Shi ya gaya miki?"

"Yaushe ubanki ya taɓa gaya min abu kai tsaye? Ji na yi yana faɗa wa Alhaji Mamman. Da Turanci ma, wai don kada in gane." Ta gyara zama, ta kawo maganar yadda ta ji ta, ba ta yar da ko kalma ɗaya ba, sannan ta ɗora fassararta a kai tana kallon 'yar tata ta gefen ido, ta ga ko za a yaba.

Sumayya ta fara dariya, irin wadda takan yi in ɗalibi ya yi kuskure mai daɗi. Dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya. Ta juya ta dubi ƙofar falo.

"Umma, sake faɗa min. Cewa ya yi it has been?"

"Haka ya ce. Kunnena ƙalau yake."

Sumayya ta baje fulawar da ke kan tire da tafin hannu, ta sa yatsa ta rubuta kalma biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa: pray da prey. "Duba nan. A baki duk ɗaya suke, ba mai raba su. Harafi ɗaya ne ya bambanta su. Ta saman ita ce wadda kika sani, addu'a. Ta ƙasan kuma farauta ce, irin wadda dabba ke yi wa dabba. Shirwar nan da kike ta faɗa da ita, abin da take yi wa 'yan tsakinki ke nan."

"To me ya haɗa shirwa da zuciyar Malam?"

"Haka Turawa ke faɗa in damuwa ta kama mutum ta ƙi sakinsa. Ba a faɗinsa a kan ɓacin ran yini ɗaya, ko don an taka ka a kasuwa. Sai abin da ke komowa. Ka kore shi ya tafi, kana zama ya dawo, kana cin abinci yana nan, ka kwanta yana nan, yana ɗibarka kaɗan-kaɗan. Kamar dai mu ce abu yana cin ran mutum."

Uwani ba ta saba ba da kai da wuri ba, balle ga yarinyar da ta goya. Ta ajiye kwalbar. "Ke da kika ce a baki ɗaya suke, ta ina kika san wadda ya faɗa? A waya yake magana, ba a allo ya rubuta ba. Kunne yana ganin harafi ne?"

"Ba ya gani, Umma. Amma ki duba wa ke aikin. Da addu'a ce, cewa zai yi ni nake yi. Mutum ke addu'a. Shi kuwa cewa ya yi it, wato abin. Abin ne ke yi masa, ba shi ke yi ba."

Uwani ta sunkuya kan tiren. Ta dubi kalmomin nan biyu a cikin fulawa, ta ga ɗan bambancin da ke tsakaninsu bai kai ƙwayar gero ba. Ta tuna malmalar da ta rage masa. Ta tuna rediyon da ta ɗauke, da jikokin da ta kora, su da ko ba komai da sun ɗebe masa kewa. Ta tuna sau nawa ta wuce shi yana zaune abu na cinsa, ta ce masa Allah ya karɓa. Ashe ita ta share wa shirwa fili, ta kuma tsaya gadi kada a dame ta.

Sumayya ta miƙe tana kakkaɓe hannu. "Bari in je in tambaye shi. Ko in kira su Yaya Nasiru mu haɗu."

"Zauna," in ji Uwani. "Ba wanda za ki kira. Mijina ne kafin ya zama ubanku. Ɗauki kwalbar nan mu gama aikin mutane."

Suka gama dublan, aka soya, aka tsoma a ruwan sukari, aka jera a roba. Bayan La'asar Sumayya ta yafa mayafinta ta fita neman Keke Napep, uwar ta ce za ta kira ta.

Malam ya dawo daga masallaci ya zauna kan tabarma a inuwar bishiyar mangwaron tsakar gida. Uwani ta wanke hannu, ta zuba dublan mai ɗumi a faranti ta ajiye a gabansa. Maimakon ta wuce yadda ta saba, sai ta zauna a bakin tabarmar. Ya dube ta, yana jiran Allah ya karɓa. Ba ta faɗa ba.

"Malam, me ke cin ka?"

Ya buɗe baki, ta ga Turancin yana tahowa tun daga maƙogwaro. Ta ɗaga hannu.

"Da Hausa. Yau ko kalma ɗaya ban yarda ba. Na ji abin da ka gaya wa Alhaji Mamman, an kuma fassara min shi daidai. Da Hausa aka ɗaura mana aure, da ita za ka gaya min."

Ya daɗe yana juya dublan ɗaya a hannu bai kai baki ba. Can ya ajiye shi.

"Wata Magariba ce," ya ce, "liman ya je Zariya, na shiga gaba. Na gama Fatiha na kama wata gajeriyar sura, wadda na haddace tun ban yi kaciya ba. Ina tsakiyarta sai ta ɗauke. Ba wai na rikice ba ne, Uwani. Wayam na ji, kamar an share allo. Wani a sahu ya ɗora ni, na ji muryarsa sarai, amma ban gane inda zan kama ba. Sai na yi ruku'u haka nan."

"Wannan ai yana samun kowa. Har manyan limamai."

"Haka suka ce, ni ma haka na ce wa kaina. To bayan nan na je kasuwa na tsaya gaban mai kayan miya ban san abin da ya kai ni ba. Mijin Harira ya gaishe ni, mutumin da muke katanga ɗaya, na nemi sunansa na rasa, sai ranka ya daɗe na ce masa. Ranar nan kuma da na makara na ce miki hira ce ta riƙe ni, ba hira ba ce. A bakin layinmu na tsaya ina duban gidaje, ban san wanne zan shiga ba, sai da na hango mangwaron nan." Sannan ya ce, "Kin dai tuna Baffa."

Ta tuna. Baffa mahaifinsa ne, a gidan nan ya ƙare kwanakinsa, ita ce ma ta yi jinyarsa. Tsoho mai kaifin kai da ya san tarihin kowane gida a garinsu, ya zo ya koma tambayar hanyar banɗaki. A ƙarshe in matarsa Inna ta kawo masa fura, sai ya dube ta da ladabi ya ce, baiwar Allah, daga wane gida? Inna takan fito ta zauna a bayan ɗaki ta yi kukanta, ta share ido ta koma.

"Ba mutuwa nake tsoro ba," in ji Malam. "Wannan kowa na jiran tasa. Ranar da zan dube ki in ce baiwar Allah, ita ke hana ni barci."

Uwani ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta so ta ce masa ba za a yi haka ba, amma ba ta saba yi masa ƙarya ba, kuma ba ta ga dalilin farawa yau ba.

"Shi ne ka kai wa Alhaji Mamman, ni ka bar ni."

"Shi da Turanci na gaya masa. Da Turanci abin bai cika zafi ba, kamar a fayil ɗin wani nake karantawa. Na san in na faɗa miki da Hausa, ya tabbata ke nan."

"Ka cuce ni, Malam, kuma na ji ciwo," ta ce, muryarta ba ta tashi ba. "Ni ma kuma na cuce ka ban sani ba. Ka san abin da na ɗauka kana yi duk kwanakin nan?"

Ta ba shi labarin pray da prey tun daga kwandon 'yan tsaki har zuwa hasken da Harira ta gani a fuskarsa. Malam ya saki baki yana kallonta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin wadda gidan ya daɗe bai ji ba, har da tari.

"Shi ya sa ake ta ce min Allah ya karɓa. Ni kuwa na ce ko baƙar magana ce kika koya da tsufa. Har da rage min tuwo."

"Ai waliyyi ba ya cika ciki," in ji ta. Ita ma ta yi dariyar, tana goge ido da bakin zane.

Da suka natsa ta ce, "Jibi Litinin za mu asibiti, Sumayya ta raka mu. Wataƙila hawan jini ne, ko suga, ko rashin barcin nan da ka ɗora wa kanka. Wataƙila kuma abin da kake tsoro ne. Ko ma mene ne, a gaya mana da bakin likita, mu ji shi mu biyu. Ka yarda?"

Ya gyaɗa kai. Bai ce we shall see ba, ta kuma lura da haka.

"To yanzu karanta min surar."

"A nan?"

"Kunyar wa za ka ji, ni ko kaji?"

Ya gyara zama ya yi bisimilla, ya fara a hankali. Ya yi aya uku lafiya. Da ya iso wurin sai ya tsaya, ta ga yatsunsa sun damƙe gefen tabarma. Ba ta yi gaggawa ba. Ta ba shi kalmar farko kawai, ƙasa-ƙasa, yadda ake miƙa wa mutum buta. Ya maimaita ta, sai sauran suka biyo, ya kai ƙarshe. Ya sauke numfashi, ya ɗauki dublan ɗin da ya ajiye ɗazu ya ci, ya ƙara wani.

"In ranar ta zo fa?" ya tambaya, bai dube ta ba.

"Sai in gaya maka sunana. In ka manta in sake gaya maka. Ni ba inda za ni, kuma ka san ba na gajiya da magana."

Suna nan zaune har rana ta sauka bayan katangar Harira, aka kira Magariba. Malam ya jawo buta ya yi alwala, wannan karon bai tsaya wanke manja ba. Ya sa hula ya zura takalmi ya nufi ƙofa. Uwani ta tashi ta ɗaga kwando don ta kora 'yan tsaki akurki. Har ya kai zaure sai ta ji ya tsaya.

"Uwani."

"Na'am, Malam."

"Ba komai," ya ce. "Kira dai na yi."

Ta tsaya da kwandon a hannu har ta ji ƙarar takalminsa ta ɓace a cikin layi.